Ranar da Orval Maki Ya Tafi Auna Duniya

Orval Maki ƙanin matata ne, kuma a garinmu Pike Landing ba a yi kafinta kamarsa ba. Duk gidan da ka shiga ka ga ƙofa na rufuwa ba sai ka dafa ta da kafaɗa ba, to hannunsa ya bi ta wajen. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son yawan magana, kuma ba ya yanka katako sai ya auna sau uku. Akwai shekarar da ya gama wa wata tsohuwa matakala, ita da 'ya'yanta suna ta yabo, shi kuwa ya dawo washegari ya ɓalle ta gaba ɗaya saboda taki ɗaya ya fi sauran tsawo da rubu'in inci. Ba wanda ya lura sai shi.

Ni kuma Leland nake. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a sakandaren garin kafin in yi ritaya. Tun da na auri yayarsa Marlys yake kirana Farfesa, ni kuma ina ce masa Sarkin Ƙusa. Wasa ne tsakaninmu, kuma shekaru da yawa bai wuce wasa ba.

Abubuwa biyu suka same shi a shekara guda. Na farko, masana'antar katako da ya yi wa aiki tun yana saurayi ta rufe, wata biyu bayan manyanta sun zo da kansu sun tara ma'aikata sun rantse ba inda za su. Na biyu, da ya koma aikin kansa, ya zame daga rufin wani gida ya karya ƙugu. Wata huɗu ya yi a kwance. Matarsa sun daɗe da rabuwa, 'yarsa tana can Duluth da nata iyalin. Marlys ke kai masa abinci. Ni sau biyu na leƙa shi, kuma ban daɗe ba. Abin da ya zauna da shi dare da rana wayarsa ce.

Ranar Lahadin farko da ya iya takowa gidanmu cin abinci, muna tsakiyar cin gasasshen nama da dankali, sai ya ajiye cokali ya ce, "Farfesa, ka taɓa ganin ruwa ya yi tudu?"

Na ce, "Wane irin tudu?"

"Tudu dai. Shekara arba'in ina aiki da ma'auni mai ruwa a ciki. Duk inda ka zuba ruwa, kwanciya yake yi daidai. To ta yaya teku zai naɗe a jikin ƙwallo?"

Na yi dariya har na ƙware. Marlys ta harare ni, amma ban bari ba. Shi kuwa bai yi fushi ba. Ya jira na gama, sannan ya ce duniya a shimfiɗe take kamar faifai, hotunan da ake nuna mana haɗa su ake yi, kuma shi ya gaji da yarda da maganar duk wani mai ɗaure wuya da lakataye. "Sun ce ba za su rufe masana'anta ba," in ji shi. "Ni yanzu abin da ban auna da hannuna ba, ban san shi ba."

Kullum da safe akwai teburin da muke haɗuwa a gidan abincin bakin tafki, mu tsofaffi biyar ko shida, mu sha kofi mu yi ta gyara duniya da baki. Ni na kai labarin can. Kafin Orval ya iso washegari, kowa ya riga ya wasa wuƙarsa. Duane mai sayar da kayan kamun kifi shi ya fara.

"Orval, zauna daga tsakiya, kada ka faɗo ta gefe."

"In za ka je bakin duniya ka gaya mini," in ji wani, "surukata nake so ka rage wa hanya."

Ni ne na laƙaba masa Mai Faifai, sunan kuwa ya bi shi har coci. Hunturu biyu muka yi muna cin wannan tuwo. In hira ta mutu sai wani ya taɓo shi, shi kuma ya ɗauko fensir daga bayan kunne ya fara zane a kan takardar goge baki, mu kuma mu gyara zama. Ban taɓa ba shi amsa ta gaskiya a teburin nan ba. Amsa ta gaskiya tana kashe hira, ni kuma tun da na bar aji ban sake samun masu sauraro irin waɗannan ba.

Wata rana a watan Disamba ya same ni ni kaɗai ina kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida. Ya karɓi shebur ɗin daga hannuna ya ci gaba da kwasa, yana yi yana magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ban da wasa, Leland. In mutum yana so ya gwada da kansa, ba hoto ba, ba littafi ba, yaya zai yi?"

Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. Na ce masa abu ne mai sauƙi. Tafkinmu mil shida ne daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma in ya daskare ba abin da ya kai shi kwanciya. Ya sami sanduna uku tsawonsu ɗaya, ya ɗaura jan ƙyalle a kan kowace. Ɗaya a nan, ɗaya a can, ɗaya a tsakiya. Ya hau tsani ya sa madubin hangen nesa daidai kan ta farko ya dubi ta ƙarshe. In duniya faifai ce, zai ga ƙyallayen uku a layi. In ƙwallo ce, na tsakiya zai ɗaga sama.

Ya tsaya da kwasa. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Za ka zo mu yi tare?"

Na ce ni na san amsa tun ina ɗan shekara goma, ba sai na je na daskarar da gwiwoyina ba. Ya miƙo mini shebur ɗin ya tafi. Marlys tana jin mu ta taga. Da na shiga ta ce, "Yini ɗaya ne fa. Makaranta ma suna da madubin, kuma in ka tambaya za su ba ka aro." Na ce mata in ya ga gaskiya da wuri, wa zai riƙa ba mu dariya? Ban manta yadda ta dube ni ba.

Orval ya yi sandunansa. Ƙafa goma sha biyu kowace, ya goge su sumul, ya yi musu ƙafafu masu naɗewa don su tsaya a kan ƙanƙara. Madubin ne ya ba shi wahala. Na farko da ya yi oda ya zo da tsagaggen gilashi, ya mayar. Kafin na biyu ya iso Maris ya kusa ƙarewa, kuma a shekarar ɗumi ya shigo da wuri. Masunta duk sun janye bukkokinsu daga kan tafki. Ƙanƙarar ta bar fari ta koma toka-toka, wurin da kogi ke shigowa kuwa har ta fara baƙi. Yaron da aka haifa a Pike Landing ya san ma'anar wannan launi, balle Orval.

Da ya zo tebur ranar Laraba, Duane ya ce, "Mai Faifai, yaushe za a auna mana duniyar?"

Orval ya ce, "Bana ta wuce. Ƙanƙara ta lalace. Sai baɗi."

Maganar hankali ce, kuma da an bar ta nan da ta ƙare. Ni ne na ajiye kofina na ce, "Ai dama na sani. Wata uku kana goge sanda, kana jiran rana ta zo ta cece ka. Ba ƙanƙara kake tsoro ba, Orval, abin da za ka gani kake tsoro."

Aka kwashe da dariya. Kunnuwansa suka yi ja. Ya gama kofinsa a hankali ya ce, "Asabar, ƙarfe tara."

Daga baya na ji cewa a daren nan ya gaya wa abokansa na waya, waɗanda suke tare a wannan aƙida, kuma suka yi ta zuga shi. Wani daga Arizona, wanda watakila bai taɓa taka daskararren ruwa ba, ya rubuta masa cewa irinsa ne jaruman da gaskiya ke jira. Sun yi nasu. Amma su ba su san launin ƙanƙara ba. Ni na sani. Kwana uku ina da su, gidansa kuma tafiyar minti biyar ce daga nawa. Na gaya wa kaina ba zai yi ba. Ban gaya wa Marlys komai ba.

Ranar Juma'a ya zagaya da mota ya kafa sanda ɗaya a waccan gaɓar. Asabar da safe ya kafa ta biyu a gabanmu, ya jingina tsani. Saura ta tsakiya, mil uku cikin tafki. Mun kai mu goma sha biyar a bakin ruwa, kowa da kofinsa a hannu. Rana ta fito, ruwa na ɗiga daga rufin rumfar jiragen ruwa. Ya ɗaure sandar a kan allon jan kaya, ya rataya igiyar a kafaɗa.

Duane ne ma ya ce, "Kai Orval, bar wannan abin. Wasa muke yi."

Orval bai dubi Duane ba, ni ya duba. Kalma ɗaya yake jira. Ni kuma na ga idanun mutane a kaina, na ɗaga kofina na ce, "A gaida bakin duniya."

Ya juya ya shiga. Tafiya yake a hankali, yana dukan ƙanƙara da sandar ƙarfe kafin kowane taki. Bai kai rabin mil ba. Muna kallo ya tsaya, ya ɗan ja da baya, sai kawai muka ga babu shi daga ƙirji zuwa ƙasa. Ƙarar ta iso mana daga baya, kamar an karya busasshen reshe.

Ban motsa ba. Abin da zan iya faɗa ke nan game da kaina. Duane ya kira 'yan kwana-kwana, waɗanda a garinmu duk 'yan sa-kai ne. Wadda ta fara isowa Twila Lundgren ce, mai raba mana wasiƙu, wadda kuma take kaɗa molon coci duk Lahadi. Tana kan aikinta kira ya same ta a layi na biyu daga tafki. Shekararta arba'in da takwas a lokacin. Motar da ke ɗauke da rigunan shiga ruwa tana bayanta da minti goma sha biyar, ta dubi inda kan Orval yake ta ce ba shi da minti goma sha biyar. Ta ɗauki tsaninsa, ta ɗaura igiya a ƙugu ta miƙa mana bakin, ta ce, "Ku ƙara wata in ta ƙare. Kada wanda ya biyo ni."

Da ƙafa ta fara, sannan ta koma rarrafe, daga ƙarshe ta kwanta rub da ciki tana tura tsanin a gabanta. Mu kuma muna ta ƙulla igiyoyin jiragen ruwa ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai gare shi hannuwansa sun riga sun mutu, ba ya iya kama komai. Sai ta zura hannunta na dama cikin ruwan, ta naɗa igiyar kafaɗarsa a yatsunta, ta riƙe shi haka har sauran suka iso. Ƙanƙarar ta karye a ƙarƙashinta sau biyu. Ba ta saki ba.

Orval ya kwana uku a asibiti ya fito da jikinsa cikakke. Twila ce igiya da sanyi suka cinye wa yatsu biyu, na tsakiya da na kusa da shi. Likitoci sun yi iya yinsu, daga baya suka cire.

Na je duba shi a rana ta biyu. Wayarsa na kan tebur tana ta ƙyalli. Ya ce in duba. Saƙonni ne fiye da ɗari, duk yabo. Wasu na cewa da gangan hukuma ta narkar da ƙanƙarar don kada ya gano asiri. Wani ya haɗa hotonsa da tuta ya rubuta jarumi a ƙasa.

"Ba wanda ya tambayi sunanta," in ji shi. Ya kife wayar. Can ya ce, "Leland, ka san ƙanƙarar ba ta da kyau?"

Na ce, "Na sani."

"Ni ma na sani." Ya juya fuskarsa bango. "To mu biyu ke nan."

A gida Duane ya riga ya gaya wa Marlys abin da na faɗa ranar Laraba da abin da na faɗa a bakin tafki. Ba ta yi mini faɗa ba. Sati uku tana ajiye mini abinci a kan tebur tana ɗaukar nata ta fita baranda. Lahadin farko da muka je coci wata yarinya ce a kan molo, tana ta kuskure, Twila na zaune a layi na uku da hannu a naɗe. Ban ɗaga kaina ba har aka tashi.

Orval ya fi ni. Ranar da aka sallami Twila ya je gidanta ya tsaya a ƙofa da hula a hannu. Ita ta ba ni labari bayan shekaru. Ta ce ya fi minti biyar yana buɗe baki yana rufewa, har ta gaji ta ce, "Orval, in ba ka da abin faɗa, ga ƙofar kicin can ta shekara tana mini gardama." Ya gyara ƙofar. Ya dawo ya sake mata hannayen durowa duka zuwa irin waɗanda ake ja da tafin hannu. Duk bazarar nan a gidanta ya yi ta, ya sake baranda, ya sake rufin gareji. Ni kuwa kati na aika mata, shi ma Marlys ce ta saya.

A Janairun da ya biyo, sanyi ya yi sanyi har manyan motoci na hawa tafki. Na je makaranta na aro madubinsu, na kai gidansa na ajiye a kan bencin aikinsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Sandar tsakiya tana ƙasan ruwa," in ji shi.

"Ai ka iya yin wata."

Ba mu gaya wa kowa ba. Ni na ja sandar tsakiya, da ƙafa, mil uku, ko da yake da mota za a iya. Bai ce in hau mota ba, ni ma ban nema ba. Na kafa ta na dawo, na same shi a kan tsani, ido a madubi. Ya daɗe ƙwarai. Da ya sauko sai ya ɗauko awo ya sake auna sandar farko. Sannan ya ce mu je mu auna ta tsakiya. Muka je, tsawonta daidai. Ya ce watakila ƙanƙarar ce ta kumbura a wurin, mu huda mu auna daga ruwa. Muka huda a wuri uku. Washegari ya ce a musanya sandunan, muka musanya. Rana ta uku ya zagaya waccan gaɓar ya duba daga can.

A nan ne ya sauko daga tsani, ya zauna a kan takin ƙarshe, ya cire safar hannu ya share hanci.

"Na tsakiya ya ɗaga," in ji shi. "Ba kaɗan ba ma."

Shekara uku ina jiran in ji wannan magana daga bakinsa, da ta zo kuma ban sami inda zan sa ta ba.

"Kada ka ɗauka na yarda da duk abin da kuke faɗa," ya ƙara. "Zancen zuwa duniyar wata har yanzu ban auna ba."

Da yamma ya rubuta wa abokansa na waya abin da ya gani, da awo da hotuna, kamar yadda yake rubuta wa mai gida lissafin katako. Kafin gari ya waye ya zama maci amana. Wasu suka ce an saye shi, wasu suka ce ruwan sanyi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Mutanen da suka zauna da shi wata huɗu yana kwance su ne suka fitar da shi daga zaurensu na waya. Ya kuma zo teburin safe da kansa ya faɗa, a gaban Duane da kowa, bai rage komai ba. Ba wanda ya yi dariya. Amma bai ƙara zama da mu sosai ba. Yakan sayi kofinsa ya tafi da shi mota.

Shekara shida ya ƙara. Zuciyarsa ce ta tsaya wata ranar Talata yana cikin shagonsa, yana haɗa wa jikarsa akwatin littattafai. Bayan an binne shi aka sauka ɗakin ƙasa na coci cin abinci, kamar yadda aka saba. Duane ya tashi ya ce duk abin da za a faɗa a kan Orval, ba za a ce ba shi da zuciya ba, shi ya ga mutum ya taka ruɓaɓɓiyar ƙanƙara saboda abin da ya yi imani da shi. Mutane suka gyaɗa kai. Fasto ya dube ni, tunda ni ne surukinsa kuma mai baki. Na girgiza kai.

Twila na can gefe tana zuba wa mutane kofi da hannun hagu. Da aka fara watsewa na je na tsaya kusa da ita ina tattara faranti. Shekara bakwai muna gaisawa a bakin akwatin wasiƙa, ban taɓa taɓo maganar ba.

Na ce, "Kin ji abin da Duane ya ce."

"Na ji."

"Ke me kika gani?"

Ta ɗan yi tunani. "Ranar nan? Wauta ce, Leland, shi ma ya faɗa. Da na kai wurinsa haƙoransa na kaɗawa, abin da yake ta maimaitawa shi ne in koma, in yi haƙuri, in koma. Ni kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na yi fitsari a wando tun kafin in kai rabi, ruwa ne ya rufa mini asiri." Ta ajiye butar. "In kana neman ranar da ya burge ni, ranar da ya tsaya a ƙofata ce. Da wuya a je ƙofar mutum."

Na ce, "Ni ne na tura shi. Ni na ce tsoro yake ji."

"Duk gari ya sani," in ji ta. Ba ta faɗa da zafi ba. "Na yi ta tsammanin za ka zo, daga baya na daina."

Na fara cewa wani abu, ban san ma mene ne ba, sai ta nuna mini babbar tukunyar miya da haɓa.

"Wannan sai mai hannu biyu. Kai mini ita mota, ka riƙe da kyau, ba ta huce ba."

Na ɗauka na bi ta a baya muka hau matakala.